Lomar Farko

Shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙanina Isaka, kuma ba wadda ta zo mini da sauƙi. Ni ba ɗan boko ba ne, walda nake yi a unguwar Maamobi. Wannan ma sai da na yaga takarda huɗu.

Isaka soja ne. Da aka tura sojojinmu Laberiya lokacin yaƙin basasarsu, shi aka ba wani Janar ya riƙa yi masa hidima. Shi ke guge kaki, shi ke ɗaukar jakar taswira, shi ke tsaron ƙofa. Amma babban aikinsa loma ce. Duk abin da aka kawo wa Janar, ko ruwa ne, Isaka zai fara kai wa baki, ya duba agogo, ya jira minti ashirin. In bai faɗi ba, Janar ya ci. Wanda ya riƙe aikin kafin shi kifi ya ɗanɗana, a gaban Isaka ya mutu yana kumfa. Duk wannan ban sani ba sai ranar sadakar uku, da wani abokin aikinsa ya gaya mini.

Ya dawo unguwarmu Nima ba ko ƙwarzane, muka yi ta hamdala.

A gidanmu maza kwano ɗaya muke ci, kuma ba mai sa hannu kafin Baba. Sai Isaka ya riƙa riga Baba. Ya yi loma ɗaya, ya rufe kwanon, ya kafa wa agogo ido, tuwo na hucewa. Baba ya yi ta haƙuri har azumi ya zo. An kira magariba, tsoho ya miƙa hannu ga kofin koko, leɓensa a bushe. Isaka ya riga shi kurɓa, ya riƙe masa wuyan hannu.

"Baba, jira tukuna. Minti ashirin."

Na fizge kofin. Na ce, "Nan Nima ne, ba bariki ba. Daga yau ka ci naka kai kaɗai, marar kunya."

Ya ce, "To Yaya, wa zan ɗanɗana wa?"

Na ɗauka baƙar magana ce. Aka ware masa kwano, sai ya daina ci. Matarsa ta ajiye, ya zauna yana kallo har ƙudaje su gama da shi. Mun kai shi asibiti. Mun kai shi wurin malamai a unguwar Madina. Na zage shi, na roƙe shi, na taɓa danne shi na ɗura masa kunu yana kuka. Abu ɗaya ne ban yi ba: in ajiye kwanona gabansa in ce, ɗanɗana mini. Rashin sani ya fi dare duhu. Wata biyar yana ƙarewa a gabana. Da muka ɗauki makarar, kamar ba kowa a ciki.

Janar na nan da ransa. Nakan ga hotonsa a jarida, ya yi tumbi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Amma na san Isaka, da ya ga hoton ba zai yi fushi ba. Zai tambaya ne wa ke ɗanɗana wa maigidansa yanzu. Da kuma ya ga yaran unguwar Kawukudi suna cin abincin bakin titi a tsaye, da hankalinsa ya tashi.

Me ya bari? Agogo, da 'yarsa Adiza. Ranar Juma'a da muka yi masa addu'ar shekara, ta tare ni a ƙofa ta ce, "Baffa, wai da gaske mahaukaci ne babana? Haka ake ce mini a makaranta."



Washegari ban buɗe shago ba. Na sayi koko da ƙosai, na shiga trotro, motar haya, zuwa unguwar Alajo inda take da uwarta. Na zaunar da ita, na kurɓi kokon, na gutsuri ƙosan, na ajiye agogon ubanta tsakaninmu. Ta miƙo hannu, na riƙe.

Na ce, "Jira. Muna da minti ashirin. Bari in gaya miki aikin babanki."