Addu'ar da Na Gina a Cikin Katin Sajan Bitrus

Akwai wata Laraba da har yau ba ta bar zuciyata ba. Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a wani ofishin gina shafukan intanet a nan Zuru, ko da yake na girmi kowa a ɗakin. Wata ƙungiyar matan sojojin da suka rasu ta kawo aiki: shafin tunawa da mazajensu, kowane mamaci da katinsa.

Ga wanda bai san sana'ar ba, ba a zana kati ɗaya bayan ɗaya. Guda ake ginawa, kamar abin buga bulo, sannan a riƙa miƙa masa abin da ya bambanta: suna, muƙami, gari, hoto. Haka na yi. Amma ni da ajami na fara karatu, hannuna bai saba rubuta sunan mamaci ya bar shi tsirara ba. Sai na rubuta addu'a a cikin ginin kansa: Allah ya sada shi da Annabin rahama. Ta fito a kowane kati.

Ranar nunawa, wato Larabar nan, shugabar ƙungiyar, Mama Rifkatu daga Dirin Daji, ta daɗe tana kallon katin mijinta.

"Malam, yaushe Bitrus ya musulunta ban sani ba?"

Babu wanda ya yi dariya.

"Mama, kuskurena ne. Alheri na nufa."

"Na sani. Amma fasto ne ya rufe shi."

Da ta fita, na ce wa ogana gyaran ba wuya. A ciro addu'ar daga ginin, a tambayi kowace mace kalmar da take so, a miƙa wa katin kamar yadda ake miƙa suna.

"Baba, nan ba tsangaya ba ce," in ji shi. "Ka goge ta gaba ɗaya. Wa ke da lokacin bin gida-gida?"

Na roƙe shi sau biyu. Ya miƙa aikin ga wani, aka goge.

Ku da kuke tasowa, kafin ku gina abu a cikin kati, ku tambayi kanku: na kowa ne, ko nawa ne ni kaɗai? Ban yi wannan tambayar ba. Shafin yana nan har yau, Musulmi da Kirista jere, babu mai ko kalma ɗaya ta addu'a a ƙarƙashin sunansa. Allah ya yafe mini.