Ranar da Keziya Ta Ƙi Zama

Keziya mutuniyar Zuru ce, amma a Argungu ƙuruciyarta ta ƙare. Mijinta, direban motar shinkafa, shi ya kawo ta garin, ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyu da murhun banda a bayan gida. Da sassafe takan sauka bakin gulbi ta sari kifi wajen Hodi masunci, ta yini cikin hayaƙi har idanu su yi jajur. Ran Lahadi kuwa ita ke ba da waƙa a Zumuntar Mata ta 'yar majami'arsu mai rufin kwano. In ta ɗaga murya, masu buga tulu da caki sai sun dage kafin su kamo ta.

Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, ɗanta Ishaya ya sami aikin malanta a Birnin Kebbi. Daminar da ta biyo baya ya zo hutu, ya shiga kwalekwale zai tsallaka ya duba shinkafarsu a fadama. Gulbi ya cika ya batse. Jirgin ya kife.

Hodi ne ya tsamo Ishaya. Ya tsaya a ƙofar gida, rigarsa na ɗigar ruwa, ya ce, "Inna Keziya, mun same shi. Mai shi ya amshi abinai. Sai haƙuri."

Bayan an binne, wan mijinta Tamba ya iso daga Zuru. Bai gama shan ruwa ba ya ce, "Miji ya tafi, ɗa ya tafi. Wannan da hannu a ciki. Tattara kayanki mu koma gida a bincika. Shekara da shekaru kina waƙa, me ta tsinana miki?"

Keziya ta ɗago kai ta dube shi.

"Yaya, ban yi ciniki da Ubangiji ba. Ban taɓa ce masa in ya bar mini Ishaya zan yabe shi, in ya ɗauka in yi shiru ba. A nan ya ajiye ni, nan zan zauna. Kuma ba inda za ni a duba mini."

Ran Lahadi ta ɗaura zanen zumunta ta tafi. Matan sun riga sun ba wata waƙar don tausayinta. Shugabarsu ta riƙe mata hannu ta ce, "Mama, yau dai ki zauna ki huta."

Ta zare hannunta ta miƙe. Ta fara waƙar godiya, muryar ta karye a baiti na farko. Kiɗa ya tsaya, masu tulu suka sunkuyar da kai suna kuka. Sai ta juya musu.

"Ku buga mana! Ni aka yi wa rasuwa, ba ku ba."

Suka buga. Ta sake ɗauka, wannan karon har ƙarshe. Ta yi rawa daga kujerarta zuwa gaban bagadi, hawaye na zuba, ba ta share ba.

Tamba ya fice tun ba a tashi ba, washegari ya hau mota shi kaɗai. Wasu suka ce baƙin ciki ya taɓa mata kai, wasu suka ce taurin zuciya ne. Duk ta ji. Ita ta san yadda take kasa haɗiye tuwo in ta ga takalman Ishaya a bakin ƙofa.

Da ƙafafu suka gaza, 'yarta ta ɗauke ta zuwa unguwar Badariya a Birnin Kebbi. Can ma kowace Lahadi sai an ɗora ta a babur ɗin kabu-kabu an kai ta sujada. In matasa suka ja waƙa a hankali, takan buga sandarta a ƙasa daga layin gaba ta ce, "Kai, ku ƙara wuta! Wanda kuke yabo yana da rai."