Jadawalin Waɗanda Aka Kora

Shekarar da soja suka koma bariki, ina aiki a wata hukumar gwamnati da ke kudancin kogin Kaduna, da muƙamin jami'in kwamfuta. Kafin nan na yi shekara goma sha ɗaya ina koyar da adabi a sakandare, sai na yi kwas na wata shida, aka ba ni takardar shaida mai hatimi ruwan zinare, na ajiye alli. Duk ofishin ni kaɗai nake ɗaura nakatayi, kuma a lokacin na ɗauka wannan ma wani reshe ne na ilimi.

Sabuwar gwamnati ta kafa kwamitin duba koken ma'aikatan da aka kora zamanin soja. Sharaɗinsu ɗaya ne: hukumarka ta kawo bayaninka, wato ranar da aka ɗauke ka aiki da dalilin korarka. Wanda ba a kawo nasa ba kafin kwamiti ya tashi ranar Juma'a, shi ke nan, an rufe da shi. Cikin masu jira akwai tsohon masinjanmu, wani dattijo mutumin kudancin jihar da ke zaune a unguwar Television, wanda kowa ke kira Baba. Fayil ɗinsa na takarda ya yi ɓatan dabo tun ranar da aka sallame shi. Kullum da safe sai ya zo ya zauna a bencin ƙofar ofishina, ya ɗora hularsa a gwiwa.

"Malam, injin naku ya tuna da ni kuwa?"

"Baba, inji ba ya tunawa. Ajiya yake yi."

"To, ya ajiye ni?"

Na ce zan duba. Ɗan kwangilar da ya kafa mana rumbun bayanai a kwamfutar ya bi ubangidansa soja sun tafi, bai bar ko shafi ɗaya da ke bayanin yadda ya tsara shi ba. Allon da ya bar mana kuwa ma'aikatan da ke bakin aiki kawai yake nunawa. Amma a kwas an koya mana wata dabara. Rumbu irin wannan yana jera bayanansa ne a jadawalai, kamar rajistar aji, kowane jadawali da sunansa da gidajensa: gidan suna, gidan mataki, gidan ranar ɗauka. Tsakaninka da shi akwai wata 'yar manhaja da ake kira direba, ita ke kai tambayarka ta dawo da amsa. Ta hanyarta kana iya ce wa rumbun ya lissafo maka jadawalan da ke cikinsa da gidajen kowanne, ko da ba ka san sunan ko ɗaya ba.

Ranar Litinin na rubuta 'yan layuka, na shiga da sunana da lambar sirrina, na aika tambayar. Jadawali tara suka fito. Na bi su gida-gida: ma'aikata, sassa, hutu, ƙarin girma, har da na motocin ofis. Babu na korarru. Da na yi shiru a nan, da na tsira da mutuncina. Amma tsohon malamin adabi ba ya ganin farar takarda ya ƙyale ta. Na zauna na rubuta wa kwamiti wasiƙa shafi biyu, na ce bincike mai zurfi ya tabbatar, ba tare da wata tantama ba, cewa babu bayanin ko mutum ɗaya da aka kora. Ni na buga ta da kaina, don kada mai buga tafireta ta ɓata mini waƙafi. Da na faɗa wa Baba, sai ya ce ya gode, Allah ya saka. Washegari ma ya dawo bencin, wai ya saba.

Mai buga tafiretar wata mata ce 'yar Filato da ke zaune a Barnawa, ta girme ni nesa, muna kiranta Madam. Ranar Alhamis kwafin wasiƙata ya isa teburinta don ta sa a fayil. Ta shigo ofishina riƙe da shi da yatsa biyu.

"Ɗana, Turancin nan ya yi kyau."

Na ce na gode, Madam.

"Sai dai ƙarya ce. Da yatsun nan na shigar da sunan Baba ranar da aka kore shi. Ina bugawa ina share hawaye."

Na gyara zama na fara yi mata darasi a kan direba da jadawali. Ta bari na kai aya, sannan ta ce, "Da sunan wa ka shiga?"

"Da nawa mana."

"Kai wa ya san ka a lokacin? Matsa."

Ashe shugaban hukumar na wancan zamani, wani hafsan soja, bai taɓa ɗora yatsa a kan kwamfuta ba, a ganinsa aikin sakatarori ne. Sunansa da lambar sirrinsa ya miƙa wa Madam, ita ke shigar da duk abin da ya umarta. Ta sa su, na sake aika tambayata ba tare da na canza ko harafi ba. Jadawali goma sha huɗu suka fito. Na goma sha biyu shi ne na korarru.

Direba ba ta yi mini ƙarya ba. Abin da sunan mai tambaya ke da izinin gani kawai take lissafowa, ni kuwa an ba ni izinin ɗan sabon shiga. Wannan bayanin yana nan a littafin kwas ɗinmu. Na ma tuna shafin, domin a gefensa na ja layi da jan biro ƙarƙashin wani kuskuren nahawu, ban tsaya na karanta abin da jimlar ke cewa ba.

Muka duba gidajen jadawalin, muka nemo Baba. Ga ranar ɗaukarsa aiki, ga ranar kora. Gidan dalili kuwa fayau, babu komai.

"Na tambayi oga me zan rubuta," in ji Madam. "Ya ce in bar shi haka, ba shi da lokaci."

Ranar Juma'a na tsaya gaban kwamiti da sabuwar takarda mai layi huɗu. Shugabar kwamitin, wata tsohuwar hedimistires, ta ɗauko wasiƙata ta farko ta karanta a bainar jama'a, a hankali, ta maimaita "ba tare da wata tantama ba" har sau biyu tana kallona ta saman tabarau. Sannan suka yanke cewa korar da ba ta da dalili ba kora ba ce. Aka mai da Baba bakin aiki, tare da sauran da ke cikin jadawalin, domin su ma gidan dalilinsu fayau yake.

Ranar Litinin ya shigo ofishina cikin kakinsa na masinja, an goge shi har yana ƙyalli, da littafin karɓar wasiƙu a hammata. Ya ajiye mini ambulan. Takardar tuhuma ce daga sama, ana neman in yi bayani cikin kwana biyu dalilin da ya sa na nemi ɓatar da kwamiti.

"Malam, sa hannu a nan," in ji shi, yana nuna mini gurbin da yatsa. "Kuma in za ka ba su amsa, ka taƙaita."