Matakin Hagu

A ƙarshen layin masu walda, inda kwalta ta ƙare, akwai wata rumfar kwano da ba a cika jin ƙarar inji a cikinta ba. Mai ita dattijo ne siriri, ana ce masa Mai Alli, don kullum da guntun alli a bayan kunnensa, har gefen hularsa ya yi fari. Bakaniken babur ne, amma bai taɓa buɗe wa kowa inji ba. Birki kaɗai yake yi, shi ma na tsofaffin baburan nan masu nauyi da aka daina kawowa tun yana saurayi. Yakan ce masu sa babur gudu sun yi yawa a layin, shi tsayarwa ya koya.

Yawancin masu kawo masa aiki magada ne. Uba ya rasu, a jawo babur daga ɗakin ajiya, a turo shi rumfar. Shi ya sa wurin yake da wani irin shiru. Babura na jingine a jere, kowanne da lotsawar mazaunin mai shi a kan kujera, mai shi kuwa yana ƙasa. Matar Mai Alli, Allah ya jiƙanta, har ta bar duniya a bakin ƙofa take miƙa masa abinci.

Aikinsa ba shi da hayaniya. Zai cire taya, ya fito da ƙarafa biyun nan masu kama da jinjirin wata, ya manna musu sabuwar fata mai kaushi, ya goge cikin kwanon tayar da samfefa. Sai ya shafa wa fatar alli, ya mayar, ya juya taya, ya taka. In ya sake buɗewa, inda alli ya goge nan birki yake ci, inda ya rage nan yake ƙarya. Haka zai yi ta kankara har allin ya goge ko'ina. Kafin ya rufe kuma sai ya sake shafawa, don in babur ya dawo ya ga yadda aka bi da shi.

Wata rana da hantsi sai ga Tela, ɗan yayarsa, ya turo babur ɗin mahaifinsa. Marigayin ya yi shekaru yana kai magani ƙauyuka a kansa. Tela magidanci ne, nasa babur ɗin na zamani ya mutu, ga ɗiya da yake kaiwa makaranta, ga gidansu a kan tudu, hanyar kuwa gangara ce har bakin kasuwa. Mai Alli ya yi masa aiki na ɗa, ya sake wayar birkin hannu, ya gyara na baya. Ya kuma ja masa kunne cewa waɗannan tsofaffin, matakin birkinsu a hagu yake, giya a dama, ba kamar na yanzu ba. Tela ya yi dariya ya ce, "Kawu, ai ba yau na fara hawa ba."

Ko la'asar ba a yi ba ya dawo da shi a ture, gwiwar hannu ta saɓule. Tulin yashin masu gini ne ya tare shi a gangarar. Ya rantse ya taka birki har ƙafarsa ta yi zafi, birki bai ci ba. Mai Alli ya buɗe kwanon baya. Allin nan yana nan fari fat, ko'ina, kamar yanzu aka shafa. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya zagaya dama, ya ga ƙarfen giya ya lanƙwashe har ƙasa.

"Ka taka kam," in ji shi, "amma giya ka taka. Kai ƙafar damarka ce mai hankali, ita ke taka keken ɗinki tun safe. Ta hagun rakiya take yi."

Tela ya ce zai saba. Mai Alli kuwa ya san ƙafa tana sabo a lokacin lafiya, amma ranar tsoro wurin da ta fara sani take komawa.

Washegari yayarsa ta zo da kanta, ta tsaya a bakin rumfar. Ta ce ta yi, ta yi da yaron ya sayar da babur ɗin, ya ƙi, wai shi kaɗai ya rage masa na ubansa. Ta dubi kujerar da lotsawar mijinta take, ta kau da kai.

"Na binne uban," ta ce. "Kada ka bari in binne ɗan da jikata."

Ya ce, "In Allah ya yarda, Yaya."

Abin da ya yi bai taɓa yi wa wani ba. Ya mayar da giyar ta hannu, a gefen tanki. Ya sa maƙwabcinsa mai walda ya ƙera sabon mataki a dama, suka ratsa rodi ta ƙarƙashin inji ya haɗe shi da tsohon na hagu. Matakan biyu suka zama abu ɗaya: ka taka wannan, wancan ma ya sauka. Niyyarsa in aikin ya zauna ya yanke na hagun da zarto, tunda ba mai taka shi.

Aka yi makonni lafiya. Sai wata safiya Tela ya shigo ba sallama, ya zauna a kan benci. Ya ce yana saukowa da yarinyar a baya, wata motar kaya ta fito da baya daga lungu, shi kuwa ya waiga yana amsa gaisuwar wani, bai gan ta ba sam. Abin da ya ji kawai, matakin dama ya sulale daga ƙarƙashin ƙafarsa, ya sauka shi kaɗai, a hankali, irin saukar wanda ya san nauyin babur ɗin. Tayar baya ta kama. Da ya juyo, ga ƙarfen motar a gaban hancinsa.

Mai Alli ya ce wataƙila ƙafarsa ta hagu ce ta taka bai sani ba. Tela ya ce ƙafar tana can a ƙasa, ya sauke ta yana neman tsare kansa, ya nuna bakin takalmin da kwalta ta cinye. Mai Alli ya tsuguna ya duba sifirin da ke mayar da matakin sama, ya same shi da ƙarfinsa. Ya duba rodi, ba dutse ba tsumma. Ya danna matakin hagu da hannu, sai da ya sa nauyinsa kafin ya motsa. Robar kansa, wadda ya sani busasshiya mai ƙura, ta yi sumul a gefe ɗaya, wajen babban yatsa.

Yarinyar kuma, in ji Tela, da suka sauka ta tambaye shi me ya sa babur ɗin ya yi nauyi.

Mamaci ba ya dawowa, haka aka karantar da mu, kuma Mai Alli mutum ne mai riƙo da abin da aka karantar da shi. Ya yi ta istigfari a ransa. Mai tsarewa Allah ne, da abin da ya ga dama yake tsarewa.

"Kawu, ka yanke shi," in ji Tela. "Wallahi ba na iya kallon wajen."

Mai Alli ya ɗauko zarto, ya ɗora haƙoransa a wuyan matakin. Ya tuna tsayuwar yayarsa a bakin ƙofa. Ya daɗe a tsugune. Can ya ɗaga zarton ya duba shi a haske, ya ce ya dakushe, a dawo wani lokaci. Ya ɗiga wa gindin matakin mai, ya goge hannunsa.

Tela bai sake tayar da maganar ba, shi ma bai tuna masa ba. Har yanzu Tela yana saukowa gangarar kowace safiya da yarinyar a baya. Wanda ya lura zai ga ƙafarsa ta hagu ba ta zama daidai. Yakan ja ta baya kaɗan, kamar mai matsa wa wani a sahu.