Mai Hoton Ƙofar Asibiti

Ɗaga Haɓa ake ce masa, don duk wanda ya zauna a kujerarsa abin da zai fara ji ke nan. Shagonsa na ɗaukar hoto yana kallon ƙofar asibiti, kuma a nan furfura ta same shi. A da hoton jarirai ne abincinsa. Yanzu kuwa farin ƙyalle ke riƙe da shi. Da nas ko likita ya shigo ya ce a sa masa fari a baya, to hoton biza ne, asibiti ya yi rashi.

Ba ya ƙin ciniki. Haka ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, yana musu tsiya wai su aiko masa da rigar sanyi. Ranar da Sista Doguwa ta zauna a kujerar ne dariya ta ƙare. Ita ke wanke wa matarsa gyambon da ciwon suga ya buɗe mata a ƙafa, kuma hannunta kaɗai tsohuwar ta yarda da shi. Tsoro ya kama shi ƙwarai.

Sai ya shiga dabara. Hoton farko ya fito da duhu. Na biyu wai ta ƙifta ido. Na uku ya yanke mata kunne, mutumin da ko jariri mai tsala kuka bai taɓa gagararsa ba.

"Baba," in ji ta, "kyamarar ce ta tsufa, ko kai ne ba ka so?"

"Ni ina ruwana? Wuta ce ke wasa."

"Shekaranjiya ni kaɗai ce a ɗakin mata, ga shi cike ba masaka tsinke. Safar hannu ta ƙare, da leda na karɓi haihuwa. Ba ku nake gudu ba, Baba. Na gaji da ba mutane haƙuri maimakon magani."

Ya gyara ƙyallen, ya ɗauka, hoto ya fito tsaf.

"To, Mamarki mai gyambon fa?" in ji shi.

"Kawo ta gobe. Kafin in tafi sai ka iya wankin da kanka."

Yanzu shagon ba ya buɗewa sai hantsi ya dubi ludayi. Yana gida durƙushe da auduga a hannu, tsohuwar na mitar hannunsa ya cika nauyi, ba kamar na yarinyar nan ba. Shi kuwa ba ya musu.