Kai Bukar Zauren Alƙali a Damagaram

Gure

Mun fito kafin assalatu, ni da ɗana Bukar da jaki ɗaya, muka bi ayarin masu kanwa. Bukar ya sauke littattafan fikihu a nan Gure, amma bai taɓa ganin yadda ake shari'a ba. An ce wani alƙali a Damagaram yana ɗaukar ɗalibai su zauna a zaurensa, su koya da ido da kunne. Fargabata ɗaya ce: 'ya'yan malamai yake ɗauka. Ni kuwa mai lambu ne, sai da furfura na fara koyon baƙi.

Gidigir

Da hantsi wani gardi, dogarin Nasara, ya tare mu a bakin gari. Ya duba takardar izinin da na karɓo daga ofishin kumandan, Baturen mulki, ya dubi Bukar sama da ƙasa.

"Wannan ƙato ai na aikin hanya ne."

"Ranka ya daɗe, ɗalibi ne."

"Ɗalibi ba shi da kafaɗa?"

Sai da madugun ayarin ya sa baki, sannan gardin ya sake mu. Furar da muka saya a kasuwa ma ban ji ɗanɗanonta ba.

Mirya

Mun sauka gidan fatoma, mai saukar da fatake, aka kawo tuwo da miyar kuka. Bukar yana ci yana bitar karatu. Fatoma ya ja ni gefe ya ce, "In an tambaye ka ɗan wa ne, me za ka ce?"

"Ɗana."

"To, Allah ya sa a dace."

Damagaram

Mun tarar da zauren cike. Muka durƙusa na faɗi abin da ya kawo mu, alƙali ya nuna mana gefe muka zauna. Ana nan sai wata tsohuwa ta shigo da ƙara, ba ta jin Hausa sai Barbarci, wanda mu mutanen Gure muke ji. Alƙali ya ce, "Kai ɗan Gure, faɗa mini abin da ta ce."

Ta daɗe tana magana. Bukar ya ce, "Allah gafarta Malam, mijinta ya shuka dabino a gonar ƙaninsa, ya rasu, ƙanin ya hana ta. Hukuncin kuwa, itace na wanda ya shuka ne."

"Ita ta faɗi haka?"

"A'a, littafi ne."

"Littafi bai kawo ƙara ba."

Aka yi dariya. Ni dai na fara tunanin abin da zan faɗa wa uwarsa.

Alƙali ya ce a sake. Bukar ya matsa kusa da ita, ya ce, "Iya, daga farko." Wannan karon bai rage komai ba, har zagin da ta yi wa ƙanin mijin ya fassara. Ashe ba dabinon take nema ba. Darnin da mutumin ya yi ne ya toshe mata hanyar rijiya.

Bayan azahar alƙali ya kira ni. "Bar shi. Shekara guda zai zauna bakin ƙofa, kunne kawai."

"Allah gafarta Malam, ban faɗi sana'ata ba."

"Na ga hannunka tun da safe."

Gida

Na dawo da wani ayarin, na iso Gure da la'asar. Uwar Bukar ta tare ni tun ban sauke jaki ba.

"Sun karɓe shi?"

"Sun karɓe shi. Amma an hana shi magana shekara guda."

"Bukar ɗin? Lalle wannan alƙali ya iya shari'a."

Na gode wa madugu da fatoman Mirya, na gode wa Allah da ya kai mu biyu, ya dawo da ni ni kaɗai.