Horon Famfon da Ban Je Ba

A shekarar da aka buɗe sabon filin ƙwallo a Tamale, baƙi suka cika gari, ina gyaran keke a wata rumfa a unguwar Sakasaka. A gefena akwai wani Badagombe mai facin taya. Muna shiri sosai, tare muke cin waake, wato shinkafa da wake, da rana, amma a zuciyata ban ɗauke shi mai sana'a ba. Gani nake aikinsa bai wuce gam da kwanon ruwa ba.

Wata ranar Talata wata mata ta tsaya da babur, maƙwabcina ya yi mata faci. Ta daɗe tana kallon yadda nake ɗaure sarƙa. Ta ce ofishinsu na neman masu aikin hannu, za a koya musu gyaran famfon rijiyar burtsatse na ƙauyuka, mako uku. Ta miƙa mana takarda ɗaya ɗaya, ta ce mu zo ranar Litinin.

Takardar ce ta kashe mini jiki. A lokacin ko sunana ban iya rubutawa ba. Na yanke wa kaina cewa duk inda aka fara da takarda, da jarrabawa za a ƙare. Na hango kaina a gaban allo ana dariya. Ban tambayi matar ba, ban tambayi kowa ba.

Ran Litinin maƙwabcina ya zo da wankakkiyar riga.

"Masta, tashi mu tafi," ya ce.

"Ina? Wurin 'yan boko? Kai da ko lambar taya sai an karanta maka?"

"To ai sai su karanta mini. Bakinsu ciwo yake yi?"

"Je ka. Da azahar za ka dawo kan kwanon ruwanka."

Bai dawo da azahar ba. Bayan mako uku ya ba ni labari. Babban yatsa aka dangwala musu a tawada, shi ke nan. Sauran duk sifana ne da bututu, an baje famfo a ƙasa ana kwancewa ana haɗawa. Ya ce, "Wallahi Masta, da kai ne, kwana biyu ya ishe ka. Za a sake ɗiba, in sa sunanka?" Na ce ba na so. Wannan karon ba tsoron takarda ba ne. Ba zan iya shiga aji a bayan mai faci ba.

Shi ya riƙa zagaya ƙauyuka da akwatin kayan aiki. Ni na zauna, mutane suna barin keke suna komawa babur da keke mai ƙafa uku. Idan ya biyo ta rumfa ya gaishe ni, sai in amsa a taƙaice, har ya daina biyowa. Daga baya na ji ya koma garinsu da iyalinsa.

Yanzu ina zuwa ajin manya a unguwar Choggu, Asabar da Lahadi bayan la'asar. Ina karanta allon shaguna a hankali, ba na gaggawa. Malamarmu ta ce kowa ya rubuta wani abu da ya sani da kyau, shi ne na rubuta wannan.

Abin da na rasa: sana'a ɗaya da hannuna zai iya, dama biyu, shekara goma sha shida, da maƙwabci ɗaya.